Na Kai Inna Teku a Watan da Bai Kamata Ba

Assalamu alaikum matan unguwarmu ta Danau Kota a nan Kuala Lumpur, da 'yan uwa na gida masu ta aiko saƙo. Tun da muka dawo daga arewacin ƙasar nan ban huta da tambaya ba. Wannan ta tare ni a lif, waccan a bakin makarantar yara, Maman Ilham kuwa har gida ta biyo ni da kwanon ɗanwake, wai toshiya ce don in ba ta labari. Tambayar ɗaya ce: ya tekun yake, kuma wane wata ya fi kyau a je? Na gaji da fara labarin daga tsakiya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta. Sai dai ku yi haƙuri, amsar watan ba za ta fito ba sai na bi ta kan Inna, don saboda ita aka yi tafiyar.

Inna mahaifiyata ce. Baba ya rasu a farkon shekarar nan, Allah Ya jiƙansa, ina nan ban samu zuwa ba. Bayan ta fita takaba sai Yaya Sani, babban wanmu, ya fara kirana daga Kano. "Kulu, Inna fa ba ta cin abinci. Mun kai ta asibiti, sun ce ba su ga komai ba." In na kira ta, daga "lafiya lau" sai "Allah Ya yi albarka", ta miƙa wa wani wayar. Wanda ya san Inna ya san wannan ba ita ba ce.

Abban Hanifa, maigidana, wanda yake ƙarasa digirinsa na uku, shi ya ce mu kawo ta ta canza wuri. Ya ce ko nan kusa, ko ƙarshen shekara in ya miƙa aikinsa, ni zan zaɓa. Ni kuma na ɗora tawa dabarar. Inna 'yar Yawuri ce, 'yar masunta, a bakin kogin Kwara ta girma kafin aure ya kai ta Kano. Shekara arba'in ruwan da take gani bai wuce na famfo da na randa ba. Na ce in ta zo zan kai ta tsibirin Langkawi, ta shiga jirgin da yake zaga gaɓar arewa, ta ga ruwa shimfiɗe, ko Allah Zai sa zuciyarta ta buɗe.

Sai na nemi shawarar Anti Rabi, wadda take sayar mana da daddawa da kuka a kasuwar Chow Kit, tunda ta fi mu daɗewa a ƙasar. Tana auna mini kuɓewa ta ce, "Langkawi? Ai mu a watan Maulidi muka je. Kulu, ruwan nan kamar an bi shi da dutsen guga, ko gyalena bai motsa ba. Ki kai ta a watan Maulidi, sai kin yi mini addu'a." Ban ƙara tambayarta komai ba. Da na gaya wa Abban Hanifa ya ce ya yi daidai, don wani abokin karatunsa ɗan ƙasar ya ce masa daga Nuwamba ake rufe tsibirai saboda iska da ruwan sama, gara mu riga lokacin. Muka yankar wa Inna tikiti yadda zamanta zai faɗo a watan Maulidi, wanda a bana ya zo ƙarshen Satumba.

Ranar da na gan ta a filin jirgi sai da na yi salati. Ta rame har ɗankwali ya yi mata yawa. Na kawo ta gida na lallaɓa ta kamar ƙwai. Ba ta ɗaga tsintsiya, ba ta shiga kicin, ko kofin shayinta ta ɗauka zan karɓe in ce, "Inna, huta." Yini take a bakin taga a hawa na goma sha bakwai, carbi a hannu, tana kallon motoci kamar tururuwa a ƙasa. Na yi mata tuwo miyar kuka, na yi dambu, na sayo nama gasasshe daga unguwar Kampung Baru. Loma biyu, ta ce Alhamdulillahi. 'Yata Hanifa takan tsaya a gabanta da cokali ta ce, "Nenek, makan lah," wato Kaka ki ci abinci, amma ko wasan kaka da jika Inna ba ta yi mata. Ranar da muka kama hanya saura kwana tara ta koma Kano, kuma na san in ta koma yadda ta zo ba ni da wata dabara da ta rage.

Muka bar yara wajen Maman Ilham saboda makaranta, mu uku muka hau bas ta safe zuwa Kuala Perlis, garin da ake shiga jirgin tsibirin, can gab da iyakar Thailand. Tafiyar kusan awa bakwai ce. Wadda za ta je ta riƙe rigar sanyi da safa, don direbobin nan suna kunna na'urar sanyi kamar nama suka ɗauko. Na naɗe Inna da bargo, Abban Hanifa ya zauna a bayanmu. A wurin hutawa na kan hanya muka shiga ɗan masallacin mata muka haɗa azahar da la'asar. Abin da yake burge ni da mutanen nan har yanzu shi ne fararen hijaban sallah da suke ratayewa, wankakku, duk wadda ta shigo ta ɗauka ta yi sallah ta mayar. Na ce, "Inna, kin ga, da a gida ne kafin magariba an kwashe." Na yi tsammanin za ta ce ban kyauta wa mutanen gida zato ba, ko ta yi dariya. Ta dai gyaɗa kai.

Da muka shiga jihar Kedah sai gonakin shinkafa suka buɗe dama da hagu, ido ba ya ganin ƙarshensu. Inna ta ɗan matsa jikin gilashi ta ce, "Fadama." Kalma ɗaya. Daga nan kuma sama ta haɗe, ruwa ya sauko irin wanda sai da direba ya rage gudu, bai tsaya ba har muka isa.

Kuala Perlis ƙaramin gari ne mai ƙarnin kifi, da masallaci da aka gina a kan ruwa. Mun sauka a gidan wata dattijuwa mai ba da hayar ɗakuna biyu a gidanta, Mak Cik Salmah. Mak Cik kamar a ce Goggo ne a wajensu. Gajeruwa ce mai yawan dariya, mijinta masunci ne, ya rasu shekara uku da suka wuce. Ta kama hannun Inna da hannu bibbiyu ta kai nata ƙirji, irin gaisuwarsu, sannan ta dubi jiƙaƙƙun kayanmu ta tambayi Abban Hanifa da Malayanci, shi kuma yana juya mana: me ya kawo mu a wannan watan?

Ya gaya mata mun gudo ne kada Nuwamba ta same mu. Ta yi dariya har tana dafa bango. Ta ce wancan lissafin na gaɓar gabas ne, can ne ake rufe tsibirai a ƙarshen shekara, ƙila abokin nasa ɗan can ne. Su a nan yamma yanzu ne tsakiyar ruwansu, teku ba ya kwanciya sosai sai daga Disamba zuwa Maris. Abban Hanifa ya sosa ƙeya ya ce lallai abokin ɗan Terengganu ne, can gabas ɗin. Ni kuma na yi saurin kare kaina, na ce ai Anti Rabi da ƙafarta ta zo a watan Maulidi ta tarar da ruwa lafiya lau.

Daga kan kujera Inna ta ce, "Wace shekara?"

Muka juya gaba ɗaya. Na ce ban tambaya ba. Na kira Anti Rabi na buɗe murya kowa ya ji. Ta ce, "Shekarar da nake goyon Sadik mana. Yanzu yana aji ɗaya, kin ga shekara shida ke nan." Inna ta ajiye carbi ta fara lanƙwasa yatsu. "Kowace shekara wata yana ja baya da kwana goma da ɗoriya. Shekara shida, wata biyu ke nan da wani abu. Ita a farkon sanyi ta zo, Kulu. Ke kin kawo mu a damina." Sannan ta ƙara, "Babana bai taɓa duba wata don ya san halin kogi ba. Wata na azumi ne da Sallah. Ruwa da damina yake tafiya."

A waya Anti Rabi tana ta salati. "Wallahi ban kawo wannan ba! Sorry lah, Inna, ki yafe ni, kaina ne ya tsufa." Ni kuwa kunya ta rufe ni. Na yi azumi a zafi, na yi a damina, na yi a sanyi, na san sarai wata yana zagayawa, amma ban taɓa haɗa wannan da teku ba. Duk da haka a ƙasan kunyar akwai wani ɗan daɗi, don rabon da in ji jimla uku a jere daga bakin Inna tun Baba yana raye.

Mak Cik ta kawo mana laksa, taliyar shinkafa ce a cikin romon kifi mai tsami da kauri, da rabin dafaffen ƙwai a sama. Ni na saba da ita. Inna ta kai cokali biyu ta ce, "Kifin ruwan gishiri ne," ta ture kwanon. Na ce ko mu haƙura mu koma Kuala Lumpur gobe. Ta ce, "Tunda an zo."

Da safe ruwan ya tsagaita, amma iska na nan. A tashar jirgi ana duba fasfo kafin a shiga, ko da yake ba a fita daga ƙasar ba, don haka kada wadda ta bar nata a gida. Ma'aikacin ya dubi takardar Inna, ya ce mata "Mak", wato Uwa, ya buɗe mana layin tsofaffi. Jirgin ba irin na hoto ba ne mai fili a sama. Rufaffe ne kamar doguwar bas, kujeru a jere, sanyi kamar na jiya. Na ga an rataye baƙaƙen ledoji a bakin kowane layi, na ce a raina mutanen nan akwai tsafta, har ledar shara an tanada.

Muna fita daga bakin kogi na gane amfanin ledojin. Jirgin ya ɗaga hanci sama ya faɗo, ya karkata dama, kafin cikina ya dawo wurinsa ya karkata hagu. Ruwa yana marin tagogi. Na yi addu'ar shiga jirgi tun a tasha, amma sai na sake ta, na ƙara da duk wadda ta zo bakina. Ni na fara jan leda. Ina cikin wannan hali na ji wani sauti daga baya, na san muryar.

Sai na yi muku bayani a nan. Shekara tara da aurenmu, Abban Hanifa bai taɓa ko kurɓar ruwa a gaban Inna ba. In tana falo, a ɗaki yake cin abinci. In zai gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ido a ƙasa. Ko a jirgin ma layi biyu ya bari tsakaninmu. To ga shi yau ya dafe baki da hannu, ya yi zuru-zuru, ledar layinsu ta ƙare, kuma ya gwammace ya mutu da ya yi abin a gaban surukarsa.

Inna ta yaye bargon da na lulluɓa mata ta miƙe. Na ce, "Inna, zauna, za ki faɗi!" Ko kallona ba ta yi ba. Ta ware ƙafafu ta bi tsakanin kujeru, jirgi na rawa tana rawa da shi, ba ta dafa komai ba. Ta ciro leda ta miƙa masa.

"Malam, ajiye kunyar nan, nan ba wurinta ba ne. Karɓi."

Ya karɓa. Ta tsaya a kansa har ya gama, ta buɗe jakarta ta ɓallo citta busasshiya da kanumfari ta zuba masa a tafi. "Tauna. Ka ɗaga kai ka dubi can inda ruwa ya haɗu da sama. Kada ka dubi ƙafarka." Ya ce, "To, Inna," da wata 'yar murya da ban taɓa jin sa da ita ba. Ta dawo ta yi mini haka, har da dungure mini kai don na ƙi ɗagowa.

A layin gefenmu akwai wata yarinya Basiniya da jaririya, ita kaɗai. Uwar tana fama da leda, jaririyar tana tsala kuka tana neman zamewa daga cinyarta. Inna ta miƙa hannu. Uwar ta dube ta, sai ta miƙa mata jaririyar. Inna ta zaro zani daga jaka, ta sunkuya, ta goya 'yar mutane a baya ta ɗaure tam, ta ci gaba da rabon citta layi-layi. Kafin minti biyar jaririyar ta yi barci. Mutanen nan a gaba suke rataye 'ya'yansu da wasu igiyoyi masu maɓalli, ba su saba ganin goyo ba, waɗanda suke da sauran ƙarfi har hoto suka ɗauka. Da muka sauka uwar ta riƙe hannun Inna tana magana tana hawaye. Inna ta ce, "Ki ce mata ba komai. Ki ce ta ƙara wa jaririyar riga."

A Langkawi mun sauka a wani ɗan gidan katako mai kicin, kusa da ƙauyen masunta, na wani ɗan uwan Mak Cik. Mai jirgin da zai zaga da mu gaɓa, wani dattijo baƙi siriri da ake kira Pak Din, ya zo da lema ya ce yau babu fita, mu ga abin da gobe za ta yi. Ruwa ya yini yana zuba. Birai suka shigo ta tagar kicin suka tafi da burodinmu, leda da komai. Abban Hanifa ya kwanta yana cewa har yanzu gadon yana tafiya. Inna kuma ta koma bakin taga da carbinta, abincin rana loma uku. Zuciyata ta karye. Na ce ashe abin jirgi ɗan tartsatsi ne ya tashi ya mutu. A sallar la'asar na daɗe a sujada, ban ma san me zan roƙa ba, sai cewa nake, ya Allah, Ka ga dai uwata.

Washegari muka tashi da rana fes. Pak Din ya ce mu yi sauri. Jirginsa ƙarami ne buɗaɗɗe mai rumfa da inji a baya, mu takwas ne da wasu samari Turawa da wasu ma'aurata 'yan ƙasar. Aka sa mana rigunan da suke hana nutsewa. Na nuna wa Inna tsakiya inda ba a jin girgiza, ta wuce ni ta zauna a can gaba. Muka ratsa wani daji da itatuwansa suke tsaye a cikin ruwa, saiwoyinsu a waje kamar yatsun kaza, shahuna jajaye suna shawagi a kanmu. Sannan muka fita fili, duwatsu a hagu, teku a dama. Inna ta tsoma hannu ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. "Gishirin har haka? Allah mai iko. Kifi kuma yana ciki bai yi gishiri ba."

Can sai wayar Abban Hanifa ta yi ƙara. Ya duba, ya zaro ido. "Kulu, wai barka da zuwa Thailand! Mun tsallaka iyaka? Takardar Inna fa shiga ɗaya ce!" Mijin nan ɗan ƙasar ya yi dariya, ya nuna wani tsibiri da yake hango mu daga arewa, ya ce wancan ne Thailand, layin wayarsu ne yake ƙetarowa, mu muna gida.

Saura wuri ɗaya, wani farin yashi da ake sauka a yi hoto, shi samarin nan suke ta jira. Sai Inna ta juyo ta ce, "Malam, ce masa ya juya." Na duba sama ban ga komai ba sai ɗan duhu can nesa kamar hayaƙi. Abban Hanifa ya faɗa wa Pak Din cikin jin nauyi. Dattijon ya rage inji, ya dubi Inna da kyau, ya ce a tambaye ta me ta gani. Ta ce iskar da take bugun ƙeyarta ta yi sanyi kuma ta canza gefe, fuskar ruwan ta yi ƙuraje, tsuntsaye sun sauko ƙasa. Pak Din ya yi murmushi ya ce shi ma hannunsa yana kan juyawa, yana tunanin yadda zai gaya wa baƙi ne. Samarin suka yi ta ƙorafi da Turanci. Ya ce musu, "Mak ta ce a koma," ya karya kan jirgi.

Muna ɗaure jirgi a wata rumfar kiwon kifi da take yawo a kan ruwa, hadarin ya iso. Ban taɓa ganin ruwa yana tafiya a kwance ba sai ranar. Samarin suka daina ƙorafi. Awa biyu muka yi a ƙarƙashin kwano, kuma awa biyun nan su ne tafiyar gaba ɗaya a wajena. Pak Din ya ɗauko ragarsa ta jefawa, Inna ta ce, "Birgi!" Ta karɓa ta duba darmar bakin, ta nuna masa yadda babanta yake ɗora ta a gwiwar hannu. Shi ma ya nuna nasu. Ta ba shi labarin kogin Kwara da yake cika sau biyu a shekara, farin ruwa na damina da baƙin ruwa da yake isowa daga nesa lokacin sanyi. Abban Hanifa ne tafinta, gumi yake yi, don ba a koya masa sunayen kifi a jami'a ba. In ya rasa kalma sai Inna ta ce, "Bar shi, Malam," ta kwatanta da hannu, dattijon ya gane kafin shi.

Da muka dawo tasha na ga masu sayar da kifi a ƙarƙashin rumfa. Na ce bari in saya in dafa mata tunda yau ranta ya sake. Na zaɓi wani babba mai kyan gani, har an fara sa mini a leda. Inna ta zo ta ɗaga kunnensa da yatsa, ta danna cikinsa.

"Kulu! Wannan ai kifin jiya ne, in ma ba shekaranjiya ba. Ke ba ido ne a kanki ba? Dubi idonsa ya yi hazo. Shekara tara kina aure ba ki iya duba kifi ba? Haka kike ciyar da bawan Allah nan da jikokina? Ni ban koya miki haka ba!"

A tsakiyar kasuwa, da ƙarfi, har masu wucewa suna juyowa. Ni kuwa sai hawaye, ina dariya ina kuka. Ta ce, "Kukan me kuma? Daga faɗin gaskiya?" Na kasa ce mata wata takwas nake jiran wannan faɗan. Mai kifin ta yi dariya ta jawo wani bokiti daga ƙarƙashin tebur, na jirgin da ya shigo yanzu. Inna ta zaɓi uku da kanta.

A masauki na ɗauki wuƙa, ta zare ta daga hannuna ta ce, "Matsa." Ta ce wuƙar ba ta da kaifi, ta wasa ta a gindin faranti. Ta ce barkonon ƙasar nan ƙamshi ne kawai, ta ninka shi. Ta yi farfesu da citta da tafarnuwa da lemun tsami, muka dafa shinkafa. Ta zuba na Abban Hanifa ta ce, "Kai wa Malam a baranda. Ki ce masa abin da na gani a jirgi ban gani ba." Ina jin sa daga waje ya ƙware da dariya.

Ta ci. Ta ƙara. Ta ɗauki kan kifin ta tsotse shi tas. Ina ta satar kallonta, ina tsoron in yi magana abin ya watse. Da ta wanke hannu sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun da na zo kin hana ni wanke ko kofin shayina. A Kano ma haka, kowa Inna zauna, Inna huta. Babanku ne ya rasu, Kulu, amma ni kuka naɗe kuka ajiye." Na ce, "Inna, tausayi ne." Ta ce, "Na sani. Tashi ki miƙo mini kwanukan nan." Ita ta wanke su, ni na tsaya ina ɗauraya.

Dawowa ruwan ya yi mana sauƙi, ko kuma cittar da muka fara taunawa tun daga tasha ce. A wurin fita ana duba kaya, saboda tsibirin ba a biyan harajin kaya a cikinsa, matan ƙasar kuwa da kwalayen faranti da tukwane suke fitowa kamar masu haɗa kayan ɗakin amarya. Inna ta sa na saya mata tukunya ɗaya mai murfin gilashi. Muka biya ta gidan Mak Cik Salmah, suka rungume juna su biyu, kowacce tana magana da harshenta, ba wadda ta nemi tafinta.

To, ga amsarku. In Langkawi da gaɓar arewa ta yamma za ku, ku nufi tsakanin Disamba da Maris, ku kauce wa hutun makaranta da sabuwar shekarar Sinawa in ba kwa son cunkoso. In tsibiran gabas ne, lissafin a juye yake. Duk wadda ta ba ku shawara da watan Musulunci, ku tambaye ta shekarar, ku mayar da shi watan Bature. Ku tambayi mai jirgi kafin ku tambayi mai daddawa, Anti Rabi ki yafe ni. Ni dai ba zan ce wa kowa ta je a watan da muka je ba, amma kuma ba zan iya cewa na yi nadama ba. Da na dace da watan da nake nema, da Inna ta zauna a tsakiyar jirgi cikin bargo ta kalli ruwa mai kyau, ta ce Alhamdulillahi, mu dawo. Allah Ya saka wa Mak Cik da Pak Din da alheri, Ya saka wa Abban Hanifa da ya kawo mini uwata, Ya jiƙan Baba.

Inna ta koma Kano ranar Talatar da ta wuce. Jiya Yaya Sani ya aiko mini da saƙon murya yana cewa, "Kulu, me kuka ba Inna a can ne? Tun da ta sauka ba wanda ya zauna a gidan nan." Na saurari saƙon ya fi sau goma. Ba maganar Yaya nake bi ba. A can bayansa ana jin Inna tana tambayar wa ya bar mata tukunya a jiƙe tun safe.